Ƙugin Da Ke Ƙarƙashin Layin Masu Niƙa



Ƙarfe sha biyu da rabi na rana Ƙiyasi ya ajiye wa Dakta rahoton a kan tebur. Shafi talatin da ɗaya. A na ƙarshe an bar mata layi guda inda za ta sa hannu.

"Darakta ya ce kafin ƙarfe huɗu."

Ba ta ɗago ba.

Wata takwas ke nan cibiyarsu na auna unguwar bayan kasuwa. Ƙasar wurin na nitsewa, santimita huɗu a shekara. Bango na tsagewa, ƙofofi sun daina rufuwa. Rahoton ya ɗora laifin a kan injinan niƙa, rumfa arba'in da uku a layi guda. In Dakta ta sa hannu, ita da ke masaniyar ƙasa, hukumar gari za ta garƙame layin ranar Litinin.

"Kin karanta shi sau huɗu fa," in ji Ƙiyasi. Shi ne masanin tattalin arziki na aikin. Sunan ya bi shi ne saboda ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya fara da "a ƙiyasce".

"Sau biyar."

"To me ya rage?"

"Gajimare."

Ya ja kujera ya zauna. "Ina jin ki."

Ta buɗe shafi na sha tara. Zanen ƙugin da na'urarsu ke ji ne, wadda suka binne a farfajiyar wani sito don sauraren motsin ƙasa. Kullum ƙugin na tashi ƙarfe shida na safe, ya kai ƙololuwa ƙarfe tara, ya mutu sha biyu. Daidai lokacin da masu niƙa ke aiki.

"Duba nan. Kwana goma sha ɗaya ƙugin ya yi rauni. Na nemo bayanan yanayi. Duka sha ɗayan, ranakun gajimare ne."

"To?"

"Injin niƙa ina ruwansa da gajimare?"

"Injin ba ruwansa. Masu kai niƙa da ruwansu. Hatsi bai bushe ba, wa zai kai?"

"Ka tambaye su?"

"Mutum ɗari biyu da goma na yi wa tambayoyi, Dakta. Da ƙafata."

"Wannan tambayar ka yi musu?"

Ya sosa gemu. "A ƙiyasce dai..."

"Wato ba ka yi ba."

"Ke fa kika ce girgiza na iya danne ƙasa."

"Yashi na ce. Ƙarƙashin unguwar nan yumɓu ne, mita sittin. Sau uku na rubuta haka a gefen shafi, sau uku Darakta na gogewa."

"Saboda lokacin ya yi daidai! Shida zuwa sha biyu. Me kuma kike so, injin ya fito ya amsa laifi da bakinsa?"

Aka turo ƙofa ba sallama. Baba Waya ne, mai gyaran na'urorin cibiyar, da filaya a aljihun gaba. Shekara talatin yana wurin. Darakta huɗu ya gani, bai ji tsoron ko ɗaya ba.

"Ku bar musun nan ku zo. Jaririyarku ta fara magana."

"Wace jaririya, Baba?"

"Ta cikin ramin mana. Na haɗa layin. Daga yau ba sai na je na ciro kati duk mako da wannan gwiwar tawa ba. Abin da take ji yanzu, shi za ku gani yanzu."

Suka bi shi ɗakin na'urori. A fuskar kwamfuta wani layi kore na tafiya daga hagu zuwa dama, yana rawa, ya yi kauri kamar igiya.

Ƙiyasi ya tafa. "Ga su nan! Suna ta niƙa. Kin gani da idonki."

Baba Waya ya juyo ya kalle shi. "Su wa?"

"Masu niƙa mana."

"Ta layin na biyo yanzun nan. Sun rufe tun sha biyu. Har shara an yi, awaki ne kawai ke lasar ƙasa."

Dakta ta matsa kusa. A kusurwar fuskar kwamfutar akwai ƙananan lambobi: 09:47. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Ɗaya saura minti goma sha uku.

Ta sake duban lambobin. Ta sake duban bangon.

"Ƙiyasi."

"Na'am."

"Fayil ɗin da na ba ka. Ka ƙara masa awa uku?"

"Awa ukun me?"

Ta rufe ido.

"Na'urorin jin motsin ƙasa ba sa bin agogon gari. Duk duniya agogo ɗaya suke bi, don in ƙasa ta motsa a wani wuri a iya haɗa bayanan kowa. Mu muna gaban wannan agogon da awa uku."

"Kuma ba ki faɗa ba?"

"Kowa ya sani!"

"Wane kowa? Kowan ajinku na can ƙasar waje? Ni in na ga an rubuta ƙarfe shida, ƙarfe shida na sani, lokacin da matata ke tashina!"

"Da ka kawo min zanen, na ɗauka ka gyara."

"Ni kuma na ɗauka a gyare kika ba ni."

Baba Waya ya zaro filayarsa yana goge ta da gefen riga. "Ni dai tun ranar da muka binne ta na san agogonta a baya yake."

Su biyun suka juyo.

"Baba! Shi ne ka yi shiru?"

"Wa ya tambaye ni, 'yata? Duk wanda ya shigo nan, 'Baba waya', 'Baba batir'. Ban taɓa jin an ce 'Baba ƙarfe nawa' ba."

Dakta ta ja farar takarda. Kuskuren nata ne, rabi aƙalla, amma yanzu ba shi ne a gabanta ba. Wani abu ne ke ƙugi a ƙarƙashin unguwar, kuma wata takwas suna kiransa da sunan wani.

"To. Mu tura komai gaba da awa uku. Yana tashi ƙarfe tara. Yana kaiwa ƙololuwa sha biyu na rana. Yana mutuwa ƙarfe uku. In akwai gajimare ya yi laushi. Mene ne wannan?"

"Ni ne," in ji Baba Waya.

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

"Babu ranar hutu?" Ƙiyasi ya tambaya. Muryarsa ta sauka.

"Babu. Wannan ma ya kamata ya dame mu."

"Na ɗauka ƙwazo ne." Leɓɓansa na motsi, yana lissafi. "Abin da ba ya hutu, ba ya jiran ciniki, rana kawai yake bi..."

"Sola," in ji Dakta.

"Solar me? Fitila ba ta ƙugi."

"Inji. Injin da ke cikin ƙasa, shi ya sa na'urar ke jin sa fiye da komai." Ta ajiye biron. "Injin jan ruwa."

Baba Waya ya daina goge filayar.

"Ka taɓa matse soso, Baba? Yumɓun nan haka yake, cike da ruwa. Ruwan ne ke riƙe da shi. Ka zuƙe ruwan, ya lotsa. Bambancinsa da soso, shi in ya lotsa ba ya dawowa."

Ƙiyasi ya riga ya buɗe jakarsa. Idonsa har ƙyalli yake.

"Kin san me wannan ke nufi? Da, mai rijiya da dizal yake ja. Kowace awa sai ya saya, don haka tanki na cika yake kashewa. Yanzu rana kyauta ce. Wa zai kashe abin da ba ya cin komai? Dakta, wannan fa bincike ne guda, in muka rubuta shi..."

"Duba jerin masu sana'ar da ka yi. Wa ke da sola da rijiya a unguwar?"

Ya bi shafukan da yatsa. Masu walda. Masu ɗinki. Mai ƙanƙara, janareta. Yatsan ya tsaya.

"Wuri ɗaya ne. Mai sayar da ruwa, kwanar sito. Rijiyar burtsatse biyu." Ya ɗago a hankali. "Ba yayanki ba ne wannan?"

Ta ɗauki rahoton ta cusa a jaka.

"Kada ka tashi daga gaban kwamfutar nan. Zan kira ka. Abin da layin ya yi kawai za ka faɗa min."

"A ƙiyasce ko..."

"Daidai."

*

Biyu saura kwata ta isa.

Farfajiyar cike take. Tankar ruwa biyu na ɗura, ta uku na jira, masu kura sun yi layi har titi. Manyan tankuna huɗu a kan ƙarafa. Faifan sola sun rufe rabin wurin, a ƙarƙashin inuwarsu Yaya na zaune a kujerar roba, waya biyu a cinya.

Shi ya riƙe gidansu bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya kai ta filin jirgi shekara tara da suka wuce, da akwatin da ya aro.

"A'a! Auta da rana tsaka? Ku ba Dakta kujera. Ko yau ma ƙasarmu kika zo saurare?"

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau. Fuskar nan fa? An rage miki albashi?"

"Minti goma nake so."

"Zauna, ko awa ce."

"Ba na zama ba. Ka kashe injinan, minti goma."

Ya dubi layin masu kura, ya dube ta. Ya yi dariya.

"Yanzu? Rana na tsakiyar aikinta? Kin san bala'in da waɗannan za su yi min?"

"Gwaji ne."

"Ki je ki gwada a ofishinku, ai an saya muku kayan."

Ta faɗa masa. Ba ta ƙawata ba: agogon, awa ukun, gajimaren, soson. Rumfa arba'in da uku da za a rufe ranar Litinin in ta sa hannu kafin ƙarfe huɗu.

Ya saurara har ƙarshe. Dariyar ta tafi.

"Wato ni ne nake nutsar da unguwa."

"Ban sani ba tukuna. Shi ya sa na zo."

"Wa ya ce min in bar dizal?"

"Ni."

"Wa ya zauna a can cikin sanyi yana turo min zane, faifai kaza, inji kaza, 'Yaya rana kyauta ce, Yaya kana ƙona arzikinka'?"

"Ni ce."

"To?"

"To na yi lissafin wuta, ban yi na ƙasa ba."

"Kin ji ki! Shekara tara ana karatu, a dawo a ce an manta da ƙasa." Ya nuna layin da haɓa. "Famfon gwamnati rabonsa da kawo ruwa tun kina sakandare. Waɗannan duka, da asibitin da ke kwanar nan, da masu niƙan naki ma, ruwan wa suke sha?"

"Naka."

"In aka rufe ni su sha rahoto?"

"Ban ce a rufe ka ba. A rage. A sa ma'auni. Akwai hanyoyi."

"Hukuma ta san ragi? Kwaɗo kawai ta sani."

Ba ta musa ba. Ta juya ta dubi bangon ofishinsa. Wata tsaga ta taso daga ƙasa har ƙarƙashin taga, an cike ta da siminti, ta sake buɗewa a gefen simintin.

"Sau nawa ka liƙe wancan?"

Bai juya ba. "Uku."

"Ba ka taɓa son sanin dalili ba?"

"Magini ne ya ci amanata."

"Da na gidan Inna ma? Magini ɗaya ne?"

Ya tashi, ya zuba wayoyin a aljihu.

"Minti goma. In ba ni ba ne, a gaban mutanen nan za ki ba ni haƙuri."

"Har da durƙuso."

Ta kira Ƙiyasi, ta sa wayar a amsa-kuwwa. Yaya ya buɗe akwatin ƙarfen da ke jikin bango, ya ja maɓalli na farko. Ya ja na biyu. Tiyon da ke ɗura tankar farko ya yi tari ya tsaya. Nan take layi ya kaure.

"Oga lafiya?"

"Tun sha ɗaya nake nan fa!"

"Ku yi haƙuri, likitar ƙasa ce ke auna mu," in ji Yaya.

Dakta ta kai wayar bakinta. "An kashe. Me ka gani?"

Tana jin numfashin Ƙiyasi, da muryar Baba Waya a baya yana cewa ya matsa ya gani.

"Yana nan."

"Kamar ya?"

"Ya ɗan rage. Kaɗan. Kashi goma, in ya yi yawa sha biyu. Sauran na nan daram, kamar ba a taɓa komai ba."

"Ka tabbata layin na tafiya? Bai maƙale ba?"

"Baba ya ce in ce miki aikinsa ba ya maƙalewa."

Ta sauke wayar. Sai lokacin ta ji kafaɗunta sun saki.

"Ba kai ba ne, Yaya. Kashi goma ne kawai naka." Kanta ya riga ya wuce gaba. "To wa? Akwai wani injin, babba, ya fi naka zurfi, kuma kusa. Ba ya cikin jerinmu. Wa ka sani da..."

Ta tsaya.

Yaya bai ce ta durƙusa ba. Bai yi dariya ba. Bai mayar da maɓallan ba. Yana tsaye, hannunsa a kan murfin akwatin, yana kallon ƙasa.

Kuma akwai ƙara. Yanzu da injinan biyu suka yi shiru ta ji ta sarai: ruwa na zuba cikin tanki na huɗu, da ƙarfi, ba yankewa.

"Yaya. Rijiya biyu ka kashe."

"Mm."

"Wancan ruwan daga ina?"

"Ragowar cikin bututu ne."

"Minti uku?"

Ta bi bututun da ido. Baƙi ne, kaurinsa ya ninka sauran. Ya sauko daga tankin, ya bi gindin bango, ya shige ta ƙarƙashin ƙofar tsohon gareji. Ta taka zuwa wurin. Kwaɗo a jiki. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙofar, ƙarfen na kaɗawa a hankali kamar ƙirjin mage.

"Buɗe."

"Auta, tafi ofis."

"Buɗe, Yaya."

"Ki sa hannu a takardarki yadda aka rubuta ta. Masu niƙa za a ba su wani fili, na ji ana maganar. Wata biyu sun manta."

"Ka san ba su ba ne."

"Don kanki nake faɗa miki. Wallahi don kanki."

"Ko ka buɗe, ko in ce Baba Waya ya taho da filayarsa."

Ya zo. Ya daɗe yana laluben makullin cikin sauran.

Babu mota a garejin. A tsakiya akwai bakin rijiya da murfin ƙarfe, faɗinsa ya kai faranti babba. Wayoyi masu kauri sun haura ta rufi.

"Faifan suna kan rufin sito, na yi haya," ya ce, ba tare da ta tambaya ba. "Biyun can sun fara jan laka tun bara. Da ban haƙa wannan ba, da tuni unguwar nan na sayen ruwa a kwalba."

"Mita nawa?"

"Ɗari biyu da ashirin."

Ƙarƙashin yumɓun gaba ɗaya. Daga nan ake zuƙe shi, ta ƙasa. Wata takwas tana neman wannan ramin a cikin lambobi, ashe yana bayan kujerar da take zama in ta zo gaisuwa.

Ta kai hannu ta ja maɓallin da kanta. Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafarta ya yi tsit.

Ba ta ma tambaya ba. Wayar ta fashe da ihu.

"Ya mutu! Dakta, ya mutu! Layi ya miƙe sumul! Me kika taɓa? Baba, kira Darakta, ce masa an samu! Dakta, rijiyar wa ce?"

Ta katse kiran.

"Masu niƙa sun fita daga zargi," ta ce. "Zan sake rubuta rahoton. Zan rubuta har da cewa unguwar ba ta da wani ruwan, kada su rufe ka lokaci guda. Amma sunanka zai shiga, Yaya. Ba yadda zan yi."

"Sunana ba zai shiga ba."

"Ba roƙo na zo yi ba."

"Ni ma ba roƙonki nake ba." Ya jingina da bango. "Ke da kika san doka, ɗan kasuwa mita nawa aka yarda ya haƙa?"

"Tamanin."

"Wa ake bari ya wuce?"

"Masu bincike kawai. Rijiyar gwaji." Ta dube shi. "To kai ta ina ka samu izini?"

Ya miƙa hannu bayan akwatin wuta, ya zaro wata takarda a cikin leda. Ya miƙa mata.

"Kin tuna wadda na turo miki kina can? Na ce ta shigo da faifai ce. Kika ce kina da jarrabawa da safe, in nuna miki wurin sa hannu kawai."

Ta zare ledar.

Izinin haƙa rijiyar bincike. Mita ɗari biyu da hamsin. A layin mai rijiya, sunanta ne cikakke, da digirinta a gaba. A ƙasa, sa hannunta, irin na gaggawa, mai doguwar jela.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Darakta.

Ta ɗauka.

"Dakta, madalla! Ƙiyasi ya gaya min komai. Na dakatar da maganar masu niƙa. Ga shugaban hukumar gari a ɗaya layin, yana jira." Ta ji an buɗe murfin biro. "Ba ni sunan mai rijiyar."